Damina a Siton Malam Maharazu

Ruwan sama ya ɗauke da wata biyu, amma a siton Malam Maharazu damina ba ta da niyyar tafiya. Bangon gabas ya jiƙe daga sama har ƙasa, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Jingine da bangon kuwa buhu goma sha huɗu ne na masarar da ya nomo a Tafoki, abincin gidansa na shekara. Ranar da ya zura hannu bayan buhun ƙasa ya zaro ƙwayoyi uku da suka fara tsiro, sai ya tsaya yana dubansu. Shekara goma sha tara yana koyar da aikin gona a sakandare, bai taɓa ganin irin da ya yi hanzari haka ba.

Gidan bene ne mai sassa huɗu a Ƙanƙara, biyu sama biyu ƙasa. Mai gidan, Alhaji Gide, tsohon ɗan kasuwar hatsi, yana zaune a sama da matarsa Hajiya, kuma shi ne mahaifin Hamida, matar Malam. Malam na sashe ɗaya a ƙasa, sauran biyun na 'yan haya ne, Mas'udu mai shagon magani da Bilki ma'aikaciyar asibiti. Kowa da tankinsa a kan rufi, inji ɗaya mai aiki da hasken rana ke ɗora musu ruwa da hantsi. Kowane tanki da ɗan bututun da ke zubar da ruwa in ya cika ya wuce kima. Maginin, don basira, ya haɗe huɗun wuri guda ya binne cikin bango, daidai bayan masarar. Wani wurin da za a mayar da buhunan kuwa babu, sai dai a fitar da gado.

Malam ya kira Zailani mai gyaran famfo, wanda suka yi firamare tare. Zailani ya ƙwanƙwasa bangon, ya shinshina, ya ce, "Bututun ciki ya tsage. Ko a fasa bango, ko a gano tankin da ke amai a tsayar da shi."

Zancen fasa bango bai kai ko'ina ba. Alhaji ya leƙo ta barandarsa ya ce ba mai taɓa masa gini. Ya ƙara da ƙarfi, yadda duk gidan zai ji: "Wanda duk tankinshi ke ruɓa mani bango, in an gano shi, gaban kowa zan faɗa mashi abin da bai so."

Mas'udu ya rantse ba nasa ba ne. Bilki ta ce ita ko gidan ba ta wuni. Kowane tanki da kwaɗo a murfinsa, kuma ba wanda ya ba da makulli, domin a ganinsu miƙa makulli rabin amsa laifi ne.

Ranar Asabar da hantsi Malam da Zailani suka hau rufi. Suka jira inji ya yi ta aiki har rana ta fara cizo.

"To yanzu ya za mu yi, ba makulli?" in ji Malam.

"Kai da ka yi jami'a kake tambaya ta? Taɓa wanga. Bututun da ruwa ke bi ba zai yi zafi ba."

Malam ya taɓa bututun tankin Bilki, ya janye hannu. Zafi zau. Na Mas'udu ma haka. Ya matsa ga nasa, ya dafa, ya ji zafi, ya yi hamdala a bayyane. Saura ɗaya, wanda aka rubuta wa lamba ɗaya da jan fenti. Malam ya tsaya nesa da shi, hannu a baya.

"Taɓa mana," in ji Zailani. "Ba surukin ba ne, tankinshi ne."

Ya dafa. Sanyi ƙalau, har yana jin ruwan na gudu a tafin hannunsa.

Zailani ya zauna a inuwar tankin ya yi dariya har da hawaye. "Sai ka sauka ka faɗa mashi. Ni zan tsaya nan in ji amsa, daga nan ma ana ji."

Malam ya sauko ya sami Hamida tana tankaɗe, ya faɗa mata a hankali kamar mai kawo labarin rasuwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Au, ai Baba ya cire ƙwallon."

"Wace ƙwallo?"

"Ta robar nan da ke tsayar da ruwa. Tun bayan sallah. Ya hau ya ga ruwa ya tsaya saura taƙi guda ya kai baki, ya ce shekara arba'in yana awo bai taɓa ba mutum tiyar da ba ta yi tozo ta zubo ba, ba zai yarda roba ta tauye mashi ba a gidanshi. Tana nan bisa firijin Hajiya."

"Kin sani, kika bar ni ina zargin Mas'udu sati uku?"

"Malam, ka tambaye ni?"

Ya ce to ta hau ta yi wa mahaifinta bayani. Ta ce ita ba ta taɓa gaya wa Baba ya yi kuskure ba, kuma ba a kan masara za ta fara ba. Shi kuwa Malam, tun da ya auri Hamida bai taɓa cin abinci gaban Alhaji ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Mutumin da ke cire takalmi tun daga gindin matakala ba shi zai je ya ce, Baba, kai ne ba.

Bayan azahar Alhaji ya aiko a kira shi. Malam ya durƙusa bakin ƙofa, ido a kan tabarma.

"Malam, an gano?"

"An gano, Baba."

"Na wa ne?"

"Laifin bututu ne, Baba. Ya tsufa."

Ginin shekararsa uku. Alhaji ya karɓi bayanin hannu biyu, ya yi kusan rabin sa'a yana tsine wa magina na zamani, Malam yana "haka ne, Baba."

Washegari Zailani ya yanke bututun lamba ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, ya ja masa sabo ta waje, fari tas, ya sauko da shi tsakar gida ya sa bakinsa cikin duro kusa da turken ragunan Alhaji. Bai taɓa bango ba, bai taɓa kwaɗo ba. Da hantsi ya yi, ruwa ya tsiyayo cikin duron da ƙara, Bilki ta ji ta je ta kashe inji, abin da a da sai wanda ya tuna.

Matsala ɗaya ce: farin bututu a jikin bango ba ya ɓoye inda ya fito. Alhaji ya sauko duba raguna, ya tsaya gaban duron. Malam na leƙe ta tagar sito ya ga idonsa ya bi bututun a hankali, ya wuce baranda, ya kai rufi, ya tsaya a kan jar lambar. Ya daɗe a haka. Sannan ya gyara hula, ya ce wa ragunan su sha, ya koma sama.

Mas'udu, da ya shirya jin wanda za a kunyata, ya jira har ya gaji ya tafi shago.

Da la'asar Hamida ta sauko daga wurin iyayenta.

"Baba ya ce ɗakinshi na baƙi ba kowa. A kai masarar can har bango ya bushe. Ya ce a fara shanya ta bisa rufi kwana biyu, kuma kada a jingina buhu da bango, ko ba a koya maku wannan a jami'a ba?"

"Bai ce komai a kan tankin ba?"

"Wane tanki?"

Da aka zazzage, rabin buhu kawai ya lalace, aka ba raguna. Sauran sha uku da rabi Malam da Zailani suka yi ta hawa da su ɗaya bayan ɗaya, Malam na tsayawa gindin matakala kowane sawu, da buhu a ka, yana fafutukar tuɓe takalmi.

"Ka bar takalman a ƙasa gaba ɗaya mana," in ji Zailani daga baya, yana nishi. "Wuyana zai karye."