Teburin Guga

Doguwa ake ce mata, kuma sunan bai yi ƙarya ba, sai dai ba wanda ya taɓa ganin tsawon nata gaba ɗaya. Tun tana budurwa take tafiya a ranƙwafe, kafaɗu a gaba, haɓa a ƙirji, don gudun tsokanar 'yan unguwa. Da ta auri Maiguga, wanda kansa da ƙyar yake kai mata kunne, sai ta ƙara ranƙwafawa. Tana son mijinta, kuma ta san bakin mutane ba ya hutu.

Shagon wanki da guga suke da shi, su biyu. Teburin gugar kuwa tun kafin aurensu kafinta ya yi wa Maiguga shi daidai ƙugunsa, ita a cinya yake tsaya mata. Haka take yini a duƙe kan rigunan mutane, hannun dama na tura dutsen guga, jiki a karkace gefe guda.

Ciwon ya fara ne kamar tsinke a haƙarƙarinta na dama. Tafi-tafi ya zama ko dogon numfashi ta ja sai ya soke ta, atishawa kuwa sai ta dafa bango. Tsoro ya kama ta ƙwarai, har ta yanke wa kanta cewa huhu ne ya lalace.

A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, ba a ga komai ba. Likitar, wata dattijuwa mai faɗa, ta danna tsakanin haƙarƙarin, Doguwa ta yi ƙara.

"Tashi tsaye," in ji likita. Ta tashi. "Baiwar Allah, na ce ki tashi tsaye."

"Ai na tashi, likita."

"Wannan ai ruku'u ne. Shekara da shekaru kina matse haƙarƙarinki, naman da ke tsakani ya gaji. Zan ba ki magani, in nuna miki motsa jiki, amma in kika koma kika duƙe, wata rana dutsen gugar ma ba za ki iya ɗagawa ba."

Maganar ta tsaya mata a rai. In ta kasa guga, shagon ya mutu. In ta miƙe, ta fallasa gajartar mijinta a bainar jama'a, abin da ta yi shekaru tana rufewa. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin kanta, haushin ne ya yi rinjaye.

Da safe, Maiguga na fita kai kaya, ta kira kafinta ya ƙara wa teburin ƙafa. Sannan ta jingina bayanta da bango, ta ja kafaɗu baya. Wayyo, ashe miƙewa ma ciwo ce! Bayan ya yi tsami, haƙarƙarin ya soke ta, ta cije ta ƙi sunkuyawa.

A haka ya dawo ya same ta, tana guga, kanta na neman taɓa igiyar shanya. Ya dubi teburin da ya kai masa ƙirji, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Ashe haka kike da tsawo?"

"Haka nake, Baban yara. Kuma daga yau haka zan riƙa tafiya, a shago da kan titi, ko muna tare. Mai dariya ya yi ta yi, na gaji da numfashi rabi-rabi."

Ba ta rage tsawonta ba ko kaɗan. Shi kuwa ya juya ya fita. Ta ci gaba da guga, idonta ya ciko.

Can sai ga shi da akwatin lemo na katako. Ya ajiye gaban teburin, ya hau, ya gwada tsayuwarsa, ya miƙa mata hannu.

"Ba ni dutsen. Je ki yi abin da likita ta ce."