Mai Riƙon Buta

Bappayo ya shimfiɗa bayan kwalin sukari a kan tabarma, ya lashi bakin fensir, ya ja dogon layi daga sama har ƙasa. A sama ya rubuta Gombe, a ƙasa ya rubuta Ikko. Abin da ke tsakani kuwa, shi kansa bai sani ba.

Takardar waya ce ta tara mutanen gidan, wadda masinja ya kawo gidansu a unguwar Madaki da hantsin Litinin. Ba ta da tsawo: Jibrilla yana asibiti a Ikko, mota ta kife da shi, a zo maza. Shekarar nan ce da jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin teku, duk saurayi mai lasin ya nufi Kudu jan tirela, Jibrilla ma ya bi sahu. Mahaifinsa ya rasu tun kafin yaƙin basasa, don haka magana ta faɗo kan ƙanin uban, wato Bappayo, tela a Kasuwar Gombe, mutumin da ko wandon yaro zai yanka sai ya auna sau uku.

A gefensa Adda Uwa ce zaune, yayarsu shi da marigayin, ta miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa. Ita ta ɗauki Jibrilla tun ranar yaye, a ɗakinta ya girma. Can bakin madafi kuma ga Suwaibatu da faifai a cinya, tana tsintar wake. Ita ta haife shi.

Ɗan farinta ne. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "ɗan Adda". Ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan ya shigo gaisuwa sai ta juya tana neman abin da bai ɓata ba. Mata har misali suke yi da ita, a ce kunya sai Suwaibatu, wannan ita ce 'yar mutunci. To, yau yabon nan ne ya ɗaure mata baki.

Aka aika aka kira maƙwabciyarsu Elizabet, mutuniyar Kaltungo, wadda mijinta ke aiki a tashar jirgin ƙasa. Sau biyu ta je Ikko, don haka a layin nan ita ce malamar hanya.

"Jirgin Kudu ya wuce da safen nan," in ji ta. "Wani sai Alhamis. Kada ku jira shi, Malam Bappayo. Ku shiga bas gobe da sassafe zuwa Jos, ku tari na Ikko da yamma. Kafanchan, Kaduna, Minna, sai gadar Jaba, sai Ilori, sai Badun. Kwana biyu a ciki, in bai yi halinsa ba."

Bappayo yana rubutawa yana maimaitawa. Ya tambayi inda ake samun ruwa, da inda ɓarayi suka fi yawa, da yadda ake zuwa asibiti daga tasha. Da ya gama ya ajiye fensir.

"Saura mai jinya. Namiji ba ya jinya shi kaɗai, dole mace ta bi ni."

Ya ambaci matarsa, ya tuna tana goyo. Ya ambaci wata goggo a Kwadon, ya tuna ba a ga maciji tsakaninta da mota. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya har na Dukku, ya tsallake wadda ke zaune taku biyar daga inda yake. Ba mugunta ba ce, wallahi ko a ransa bai kawo ta ba.

Elizabet ta kasa haƙuri. "To uwarsa fa?"

Bappayo ya sunkuyar da kai kamar shi aka zaga.

"Mu ba ma haka, Elizabet," in ji Adda Uwa. "Ni zan je. Ɗana ne."

"Ni me zan je yi?" in ji Suwaibatu, idonta a kan faifai. "Yana da masu shi."

Ƙarya take yi, Allah ya sani. Tun da aka karanta takardar nan, waken da take tsinta ma mai kyau take zubarwa tana barin tsakuwa. Amma magana ta riga ta fita, Bappayo ya rubuta sunan Adda a ƙasan nasa.

Bayan la'asar Elizabet ta dawo taya ta haɗa guzuri. Suna tsaye a bayan madafi suna dakan dambun nama, Suwaibatu ta soma tambaya a hankali.

"Wannan gada ta Jaba, tana da tsawo?"

"Sosai."

"Asibitin can, suna barin mace ta kwana wajen mara lafiya?"

"Wasu suna bari."

"In mutum ba ya jin Yarbanci fa, ta yaya zai nemi ruwan zafi? Don Adda nake tambaya."

Elizabet ta jingine taɓarya. "Maƙwabciya, don girman Allah ki buɗe baki ki ce za ki. Wa zai kashe ki?"

"Babu mai kashe ni. Bakin ne ba zai buɗu ba." Ta ci gaba da daka ita kaɗai, can ta tsaya. "Ran da zai tafi, a nan ya durƙusa ya ce, Inna, na tafi. Na ce a sauka lafiya. Ban ɗaga kai ba, Elizabet. Yau in aka ce in faɗi rigar da ke jikinsa, ban sani ba. Tsoro nake ji. Tsoro nake ji a ce shi ke nan."

Ta share fuska da bakin zane, ta ce hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Abin da su biyun ba su sani ba, Adda Uwa tana bayan katangar nan tana alwala, kuma kunnenta bai tsufa kamar gwiwarta ba. Ta gama alwalarta ta wuce ɗaki.

Gari na wayewa Bappayo ya fito da babbar riga, kwalinsa a aljihu, yana ta duba agogo. Elizabet ta leƙo yin sallama. An ajiye akwati da ƙunshin guzuri a tsakar gida, Suwaibatu tana shara a inda ta riga ta share.

Adda Uwa ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna da nishi.

"Wash! Kai Bappayo, duk lissafin nan naka, ka lissafa ƙafata?"

"Adda, ai a zaune za ki yi tafiyar."

"Kwana biyu a jirgi. In zan zaga, kai za ka kai ni? Kai za ka riƙe min buta a bakin ƙofa, gemai-gemai da kai?"

Bappayo ya ciro kwalin ya duba, kamar amsar tana ciki.

Adda ta juya, ta haɗe rai yadda ta saba. "Ke Suwaibatu, tunda ba ki da aiki sai share ƙasa, ajiye tsintsiyar nan ki raka ni. Ki ji da kyau, ba wajen kowa za ki ba. Ni za ki yi wa hidima. Duk wanda ya tambaya, haka za a gaya masa."

Tsintsiyar ta faɗi. "To, Adda."

"Innalillahi!" in ji Bappayo. "Yanzu? Bas ɗin Jos ba ya jiran kowa. Kafin mace ta nemo zane, ta nemo kallabi, ta ɗaure, ta kwance..."

Bai rufe baki ba Suwaibatu ta ɗaga labule ta shiga, ta fito. Ga mayafi a kanta, ga takalmi a ƙafa, ga ƙullin kaya a hammata, an ɗaure shi tamau da ƙulli biyu, irin ɗaurin da ba a yin sa cikin gaggawa.

Bappayo ya dubi ƙullin, ya dubi matar wansa, ya buɗe baki. Adda Uwa ta kawar da kai wajen bishiyar dalbejiya, don kada idonsu ya haɗu.

"Me kake kallo?" in ji Adda. "Maza! Ɗauki akwati mu tafi."

Suka fita. Suwaibatu ce a gaba, har Adda tana ce mata ta rage sauri, ita ba yarinya ba ce. Elizabet ta tsaya a zaure har suka sha kwana, sannan ta dawo ta ja musu ƙofa. A gindin katanga ta ga butar Adda, cike da ruwa, babu wanda ya tuna da ita.