Wuƙa a Gurbin Ango

Ana gab da yanke wa Gede Suarjana hukunci a kotu, kawunsa ya zo gidan su Luh Sariasih, riƙe da wuƙar gadon gidansu a naɗe cikin farin ƙyalle.

Gede ne ya yi wa Luh alkawarin aure, da ciki ya bayyana kuma ya ce bai san zancen ba. Ta kai ƙara, shaidu suka tsaya mata, har ya tabbata ɗauri ne ke jiransa.

"Ki janye ƙarar, 'yata," in ji kawun. "A ɗaura miki aure da wannan wuƙa a madadinsa kamar yadda al'adarmu ta yarda, abin da za ki haifa ya shiga zuriyarmu."

"Shi angon gurgu ne?" in ji mahaifiyarta.

"Ya rantse ba zai zauna kusa da ita ba."

"Oho! A bayan rumbun shinkafa ai ba wuƙa ya aiko ba!"

Luh ta sunkuyar da kai. Idan aka ɗaure Gede, duk gari zai san ba ƙarya ta yi ba, amma ɗanta zai tashi ba shi da kakannin da zai kai wa hadaya yadda addininsu ya tanada. Idan ta janye, ɗan ya sami asali, ita kuwa ta tare a gidan mutumin da ya ƙaryata ta, tana share masa tsakar gida kullum.

Ɗan da ke cikinta ya motsa. Ta miƙa hannu biyu ta karɓi wuƙar.

"Inna," ta ce, "gobe ki raka ni kotu in janye."