Haƙori Arba'in da Ɗaya

"Zo ka ga aikin 'yan'uwanka," in ji maƙwabcina Safiyo, tsohon mai awon filaye. Yana zaune kan kujerar roba a tsakar gidansa, ya ɗora faifan giyar aksul, mai juya tayoyin bayan mota, a cinya kamar wanda aka miƙo wa tire.

Ni ba kallo ya kawo ni ba. Tsanina na ƙarfe na zo karɓa, wanda ya ara mako uku ke nan bai mayar ba. Ga shi can jingine da bango, da ɗigo uku da nake bugawa da ƙusa a jikin duk wani ƙarfe da ya bi ta hannuna. Tsohuwar jif ɗinsa kuma ta cinye rabin tsakar gidan, an ɗaga bayanta kan jak, tayoyi a gefe, farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi baya, a kwance kan buhu. Notuna kuwa kowanne da gwangwaninsa, kowane gwangwani da takarda manne a jiki. Shekara talatin ina gareji ban taɓa ganin wanda ya rubuta wa noti suna ba sai wannan bawan Allah.

"Ƙirga haƙoran," ya ce.

"Yallaɓai, tsani na zo ɗauka."

"Arba'in da ɗaya ne. Na ƙirga sau uku." Ya ɗaga wani littafi mai kauri da gefensa ya sha baƙin mai. "Kamfanin da ya ƙera motar ya ce talatin da bakwai. Wani jaki ne mai guduma ya cusa mata abin da ba nata ba, shi ya sa take kuka. Ku dai makanikai da kunne kuke aiki, Sarkin Guduma. Awo bai dame ku ba."

Jakin nan ni ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, tun kafin mu zama maƙwabta, ma'aikatar da yake wa aikin awon filaye ta kawo jif shida garejin da nake, aka ce ba sa jan tudu. Ni na kwance su, na sa musu giya mai haƙori arba'in da ɗaya, gaba da baya, don su sami ƙarfin hawa. Wannan ɗaya ce daga cikinsu, ya saye ta a gwanjo da ya yi ritaya. Shekara ashirin da ɗaya giyar nan ta yi tana aiki ba ta ce uffan ba, sai bara ta fara kuka, kuma wai ni ne jaki.

Abin da littafinsa bai gaya masa ba, duk makaniken da ya san fowil, wato jan mota da tayoyi huɗu, ya sani. Giyar gaba da ta baya dole su zo daidai. In ka sa talatin da bakwai a baya ka bar arba'in da ɗaya a gaba, a titi ba za ka ji komai ba, tunda baya kaɗai ke jan mota. Ranar da ka sa fowil, baya zai yi sauri, gaba na jan ƙafa. A yashi tayoyi za su zame su rufa maka asiri. A kan dutse babu zamewa, sai wani abu ya fashe a tsakani.

Na buɗe baki, na kalli yadda ya sauke tabarau kan hanci yana jiran in yi gardama, na rufe. Ko tsanin ban ɗauka ba na fita.

Kada a ɗauka daga ranar abin ya fara. Shekarar da ya tare a layinmu ya fito da igiyar awonsa da sassafe, ya auna katangar da ke tsakaninmu, ya ce ta shiga filinsa da taƙi ɗaya da yatsa biyu. Yatsa biyu fa. Sai da na rushe ta na sake gini, yana tsaye da zare yana duba min bulo. Tun daga nan nake ce masa Yallaɓai, shi kuma yake ce min Sarkin Guduma, kuma babu wanda ke nufin girmamawa a cikinmu.

Kwana goma sha biyu ya yi a ƙarƙashin motar nan yana sa wa baya sabuwar giya mai haƙori talatin da bakwai. Aikin da nake gamawa kafin rana ta take. Ta tagar ɗakina ina hango shi. Ya sa siririn zoben ƙarfe a bayan ƙaramar giya, ya ɗaure, ya shafa wa haƙora fenti ruwan ɗorawa da burushin haƙori, ya juya, ya leƙa inda fentin ya goge, ya girgiza kai, ya kwance duka. Har da wani agogo mai allura ya sayo na auna wasan da ke tsakanin haƙora. Mu da yatsa muke ji. Yana yi yana hutawa, ya jingina da taya yana numfashi da baki, matarsa da kowa ke kira Malama ta kawo masa ruwa da ƙwayoyin magani a murfin kwalba.

Matata ce ta kawo min labarin. Tana ninke kaya ta ce, "Ka san zuciyarsa ce? Malama ta ce likita ya hana shi ko ɗaga bokiti."

"Sai ya ɗaga aksul."

"Fili gare shi a kan wani tudu, can inda ya fara aiki yana saurayi. Shi ya kafa turakun siminti da hannunsa, ciyawa ta rufe su, ba wanda ya san inda suke sai shi. Shekara talatin yana ce wa Malama zai kai ta. Yanzu so yake ya nuna mata kusurwa huɗun nan da idonta kafin..." Ta ajiye rigar. "Ka shiga ka taimaka masa mana, Baban yara. Ko don ita."

"Yana da littafi."

"Kai dai girman kai zai kashe ka."

Na je, kada a ce ban je ba. Rana ta goma da hantsi na tsaya a bakin ƙofarsu, da niyyar in ce masa ya buɗe na gaba ya ƙirga, kalma biyar in juya. Ƙafafunsa kawai ke waje, cikin silifa, sirara kamar na kaza. Malama ta ce, "Ga maƙwabci ya shigo." Sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashin mota: "Ki ce masa yau ba ma buƙatar guduma. In mun kai wajen fashe-fashe za mu aika."

Na ce, "Allah ya ba da sa'a, Yallaɓai." Na koma gida na ci abincina har na nemi ƙari. Na ce a raina, can zai sa fowil a yashi, mota ta yi ta turjiya tana tsalle, ya dawo da kunya ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Abin da nake so ke nan, ya tsaya a ƙofata ya ce don Allah. Ban tambayi kowa ba ko tudun nan yashi ne ko dutse.

Da ya gama ya zagaya layi da motar sau biyu. Gaskiya ɗaya zan faɗa, kuma ba da daɗin rai ba: aksul ɗin nan bai yi ko tari ba. Na kasa kunne iya kasawa, shiru. Ya tsaya daidai ƙofata ya sauke gilashi. "Ka ji wani abu?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "To haka awo yake," ya ja.

Washegari da safe suka tafi. Malama ta sa kwando da buta da laima a baya, ta zauna gaba ta riƙe masa taswira a naɗe. Shi ya sa tsohuwar hular aikinsa mai faɗin baki, ta yi masa yawa yanzu.

Rana ta ɗan karkata wayata ta yi ƙara ina gareji. Malama ce. "Maƙwabci, motar ta tsaya. Wani abu ya fashe a ƙasa. Shi kuma ba ya jin daɗi."

Awa biyu na yi a janwe, motarmu ta jan mota, kafin na same su. Tudun dutse ne zalla, shimfiɗe kamar an yi masa daɓe. Jif na tsaye a karkace a hawan farko, mai ya bi gangara ya yi layi baƙi. Ko durƙusawa ban yi ba na gani: ƙaramin giyabos mai raba ƙarfi gaba da baya ya tsage gida biyu. Su kuma ba sa wajen motar. Suna can sama, tafiyar minti goma, don mutumin nan da aka hana ɗaga bokiti cewa ya yi saura kaɗan, su ƙarasa da ƙafa. Na tarar da shi zaune kan dutse, leɓɓansa sun yi toka, Malama ta riƙe laima a kansa tana masa fifita da taswirar.

"Saura kilomita ɗaya da rabi," ya ce min, kamar na tambaye shi. Ya ja numfashi. "Sau uku na auna komai. Me na yi ba daidai ba?"

"Tsufa ne, Yallaɓai. Ƙarfe ya gaji."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Na ɗauke shi a baya na sauko da shi, bai kai nauyin giyabos ba. Duk hanya haushinsa nake ji, wallahi, haushi mai tsanani. Wa ya ce ka hau da ƙafa? Wane irin taurin kai ne wannan, a bar mota a fashe a kama hawan dutse da zuciya rabi?

Kwana huɗu ya yi a asibiti. Matata ta je kullum. Ni na ce aiki ya yi min yawa, kuma da gaske akwai aiki, ko da yake ba wanda ba zai jira ba. Rana ta huɗu da hantsi ya cika.

Mutane suka cika layin, tsofaffin abokan aikinsa da manyan riguna suna ta cewa mutum ne mai ƙa'ida, bai taɓa cin taƙin kowa ba. Wani ƙanensa ya zagaya jif ɗin da na ajiye a tsakar gida, ya daki taya da ƙafa, yana tambayar ko za ta sayu. Mamacin ko kwana bai yi ba. Na zauna cikinsu ina amsa gaisuwa, ina jin suna cewa ai maƙwabcin nan ya yi ƙoƙari, shi ya goyo shi daga kan dutse.

Bayan mako biyu, da gida ya watse, Malama ta aiko a kira ni. Tana zaune kan kujerar robar nan, da ƙaramin littafin da yake rubuce-rubucen aikinsa.

"Ya bar maka saƙo," ta ce. "Ran da zai rasu da safe ya sa na rubuta. Ya ce a ce wa Sarkin Guduma ya ƙirga masa na gaba." Ta duba shafin don kada ta yi kuskure. "Ya ce ko ba ka buɗe ba ka sani, amma ka buɗe."

Na ce, "Malama, me zai ƙara yanzu?"

"Ban sani ba. Ni ban san kan mota ba. Ya bar gurbi a nan, ya ce a cike."

Ta juyo min da littafin. Layi biyu ne. Na sama da rubutunsa mai tsabta: baya, talatin da bakwai. Na ƙasa da nata: gaba, sai fili. A gefen shafin kuma, shi da hannunsa ya ɗiga ɗigo uku.

Tsohon faifan da ya cire yana nan kan buhu inda ya bar shi, a kife. Ɗigo ukuna na bayansa, an goge wurin da tsumma har yana ƙyalli. Taku biyu daga nan tsanina ne a jingine. Tun ranar da ya kira ni in ƙirga ya san ko wane ne jakin. Abin da bai kawo a ransa ba sai a gadon asibiti shi ne, jakin da ya taɓa baya ba zai bar gaba ba.

Na je gida na ɗauko sifanu. Na ɗaga gaban motar, na tara kwano, na kwance aksul ɗin, mai ya zubo baƙi kirin. Rana ta yi sama kafin na fito da faifan, Malama ba ta motsa daga kujerar ba. Na goge shi na sa alli a haƙori ɗaya, na fara ƙirga a bayyane, don ta ce in ɗaga murya ta ji. Da na kai talatin da bakwai sai ta ɗago biro. Na ci gaba.

"Arba'in da ɗaya," na ce.

Ta rubuta a hankali, ta kalli layin sama, ta kalli na ƙasa. "Ba su zo ɗaya ba," ta ce.

"Ba su zo ba."

Ta rufe littafin ta ɗora a cinya, ta sa taswirar da ta yi fifita da ita a kai, duk ta lanƙwashe. Can ta ce, "Ka tafi da tsaninka, maƙwabci. Ya daɗe a nan."

Na ce zan dawo in ɗauka. Na durƙusa ina mayar da notuna cikin gwangwanayensa, kowanne inda takardarsa ta ce. A bakin ɗaya daga ciki burushin haƙorin nan ne a kwance, fentin ruwan ɗorawa ya bushe a kansa.