Ruwan da Baba Ya Ba Fure

Tsohon direban ya yi shekaru yana tuƙi tun safe har yamma bai nemi wurin tsayawa ba, amma yau kofin ruwa ke firgita shi. Cutar kansa ce ta kama 'yar ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara, aka sa a riƙa gasa ta da hasken na'ura kullum. Sharaɗin asibiti kuwa, ka sha ruwa mafitsara ta cika, ka riƙe, sannan ka hau gadon na'ura. Tsoronsa ɗaya ne: kada fitsari ya kufce masa a gaban ma'aikaciyar da ba ta wuce sa'ar autarsa ba.

Sai ya yi dabara. Auta, wadda ta rako shi, na juya baya, ya tsiyaye ruwan a tukunyar furen ɗakin jira, ya goge baki.

"Ka shanye, Baba?"

"Tas!"

Ai kuwa ramin ƙarya ƙurarre ne. Na'urar nan ba ta sakin haske sai ta ɗauki hoton cikin mutum, kwamfuta ta zagaye kowace gaɓa da layi mai launinta, ta gwada da hoton farko. Abin da likita kan daɗe yana zanawa da hannu, ita kafin ka gyara kwanciya ta gama. Da tsohon ya hau gado, ma'aikaciyar ta duba, ta sauko da shi, ta juyo masa allon.

"Baba, wannan jan shi muke gasawa. Shuɗin nan mafitsara ce, ka ga ta kwanta kamar tayar da ta yi faci. In ta cika, ita ke ture hanji daga hanyar haske. Yau hanjin ya sauko. Ba zan kunna ba."

Kunya ta rufe shi, amma mamaki ya fi ta. Ya kafa wa layukan ido, ko'ina sun bi kwana daidai, ba su hau hannun kowa ba.

"Ikon Allah! Ashe tana ganina har ciki." Ya rage murya. "'Yata, in ya kufce fa?"

"Sai mu goge, Baba. Ba kai ne na farko ba."

Ya koma ya sha, Auta na tsaye a kansa kamar ɗan sanda. Ya hau gado, ya cije, na'ura ta zana, ma'aikaciya ta duba ta amince, haske ya yi aikinsa. Ya sauko wandonsa a bushe.

Ya fito yana haɗa gwiwa, yana neman hanyar banɗaki. Tsofaffin da ke jira, kowa da kofinsa a hannu, suka janye ƙafafu lokaci guda.

"A ba direba hanya!" in ji wani mai furfura. "Taka wuta, ɗan'uwa, mu ma muna tafe."