Sunan da Mai Aski Ya Raɗa Masa

Shagon askin maigidana manne yake da gidanmu, ƙofa ɗaya ce tsakani, don haka ina kicin ina jin duk abin da ake faɗa a ciki. Ba mai yawan surutu ba ne, amma ba ya sakin kan mutum sai ya dafa shi ya ce, “Allah ya yi albarka.”

Wata Talata da hantsi wani dogon mutum ya shigo, ɗan tsohuwar nan mai wanki da ke ƙarshen layinmu. Satinsa biyu da fitowa daga gidan yari, inda ya yi shekara huɗu saboda faɗan da ya ji wa wani mummunan rauni. Mutum biyun da ke jira a benci nan take suka tuna suna da uzuri, suka fice.

Ana tsakiyar aski injin ya tsaya cak. Maigidana ya bubbuga shi, shiru. Mutumin ya miƙo hannu, idonsa a ƙasa.

“Kawo in gani, Baba.”

Ya kwance shi da bakin almakashi, ya haɗa wata 'yar waya da ta tsinke, ya mayar. Injin ya tashi.

“Ashe injiniya ne a kujerata ban sani ba,” in ji maigidana. “A ina ka koya?”

“A can ciki.”

“Ka koyo da kyau. Injiniya, gobe ka zo ka duba mini fankar nan.”

Ni abin bai yi mini daɗi ba. Da ya shigo cin abincin rana na ce, “Baban yara, kai kaɗai ne a layin nan ba ka ji abin da ya yi ba?”

“Na ji. Shi ma ya ji, kullum sai an tuna masa. Wani abu daban nake so ya riƙa ji.”

Daga ranar, in ya idar da sallar asuba yana lissafo 'ya'yanmu cikin addu'a, sai in ji ya ƙara da, “Da Injiniya. Allah ka buɗa masa, ka sanyaya masa zuciya.” Duk wanda ya zauna a kujerarsa kuma ya yi ƙorafin wuta, sai ya ce, “Ai muna da injiniya a layin nan.” Wasu su yi dariya, wasu su kira shi a ɗarare.

Bayan wata biyu wayar mai shagon kayan masarufi ta ɓata. Ba wanda ya ga komai, amma duk layi ido ya koma kan mutum ɗaya. Ɗan mai wankin nan ya zo shagonmu da yamma, mutane na biye da shi da kallo, ya ce barin garin zai yi.

Maigidana bai ba shi haƙuri ba. Buɗe ƙofar tsakani ya yi, a gaban kowa, ya ce, “Soket ɗin ɗakinmu yana tartsatsi. Shiga ka duba, ni ina da aiki.”

Na matsa na ba shi hanya. Ya durƙusa a gefen gadonmu yana kwance soket ɗin, hawaye na ɗiga a kan sukundireba. Na tsaya ina kallonsa, sannan na ɗebo ruwa a kofi.

“Sha ruwa, Injiniya,” na ce. Ranar ce na fara kiransa haka.

Kwana uku bayan nan aka tsinci wayar a ƙarƙashin buhun sukari. Ba wanda ya nemi gafararsa, shi kuma bai bar garin ba.

Yanzu shekara uku ke nan. Yana da shagonsa a bakin titi, kuma shi aka bai wa aikin wutar sabon asibitin unguwa. Jiya mahaifiyarsa ta zo da sandarta, ta zauna mini a tabarma, ta riƙe hannuna.

“'Yata, ni da na haife shi har na daina sa rai,” ta ce. “Mijinki bai daina ba. Ki riƙe shi da kyau.”

Na raka ta har ƙarshen layi a hankali. Duk wadda ta tambaye ni daga ina, sai in ce, “Wajen maigidana ta zo godiya,” kuma ban rage murya ba.