Gurbin Ƙarshe a Digiri na Biyu

Farfesa ya ture fayil ɗin da bayan hannu kamar mai kore ƙuda.

"Wai ita wannan kwalejin a ina ma take?"

Su biyar ne a kwamitin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu, tun safe suke zaune, gurbi ɗaya ya rage. Fayil biyu ne a kan tebur. Ɗaya na wani saurayi daga babbar jami'a, sakamakonsa tsaka-tsaki, har da darasi biyu da ya maimaita. Ɗayan na wata budurwa daga ƙaramar kwaleji, wadda ta fita da daraja ta ɗaya.

Malama, wadda ita ce ƙarama a cikinsu, ta gyara zama. "Ranka ya daɗe, da ka duba tsarin bincikenta. Sau biyu na karanta, ban ga kamarsa ba bana."

"Haba Malama! A irin wuraren nan, in ka iya rubuta sunanka daidai an ba ka saba'in. Hamsin ɗin yaron nan ta fi tamanin ɗinta nauyi."

Aka yi dariya. Malama ita ma daga irin wuraren nan ta fito, shekara goma sha ɗaya ke nan tana kauce wa maganar. Ga shi wata mai zuwa takardun ƙarin girmanta za su je gaban Farfesa.

Aka ce a ɗaga hannu. Farfesa da na damansa suka zaɓi saurayin, dattawa biyu suka zaɓi budurwar. Ido ya dawo kan Malama. Farfesa ya cire gilashinsa yana gogewa.

"Saurayin," in ji ta, muryarta can ƙasa.

Da ta fito, sai ta tarar da wata siririyar budurwa a kan bencin baranda, ƙafafunta duk ƙura, ta rungume jakar takardu. Ta gane ta daga hoton da ke cikin fayil. Budurwar ta miƙe ta rusuna.

"Sannu da aiki, Malama. Magatakarda ya ce yau ake zama, shi ne na biyo motar asuba. Karo na uku ke nan ina nema. Don Allah in akwai abin da bai cika ba a takarduna, ki faɗa mini in gyara."

Malama ta ce, "Babu abin da za ki gyara, ƙanwata."

Fuskar budurwar ta washe. "Alhamdu lillahi! Allah ya saka da alheri. Bari in kira Baba, tun jiya ya kasa cin abinci."

Ta shiga lalube jaka tana neman waya. Malama ta buɗe baki za ta faɗa mata gaskiya, sai ta ji takun Farfesa a bayanta. Ta rufe bakin, ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka.